Dalilin Da Ya Sa Na Fito Neman Kujerar Da Ba Ta Da Albashi

Tun ranar da labari ya bazu cewa na fito takara, wayata ba ta huta ba. Tsofaffin abokan aikina na Birnin Kebbi suka riƙa kira ɗaya bayan ɗaya suna yi mini fatan alheri, kowa na tambayar a wace jam'iyya, kuma kansila ne ko shugabancin ƙaramar hukuma. Idan na ce musu kujerar wakilin iyaye nake nema a kwamitin kula da makarantar firamaren ƙauyenmu, sai in ji shiru na ɗan lokaci, daga nan dariya ta biyo baya. Wani daga cikinsu ya ce mini, "Alhaji, ashe zaman gida ya fara damun ka." Ban ga laifinsa ba. Kujera ce da ba ta da albashi, ba ta da alawus, ba ta da mota, kuma mafi yawan masu karanta wannan shafi ba su taɓa jin cewa ana neman ta ba. Wannan ne ya sa na ga ya dace in bayyana dalilina a fili, tare da abubuwan da na ƙuduri aniyar sa wa a gaba idan iyaye suka amince da ni.

Ga wanda bai san yankinmu ba, Dole Kaina gari ne a bakin Kogin Kwara, can ƙuryar yammacin Jihar Kebbi, inda Nijeriya da Nijar da Benin suka haɗa kafaɗa. Iyakar Nijeriya da Nijar ta ratsa ta tsakiyar mutanen Dole, ta yadda mutum zai karya kumallo a ƙasa ɗaya ya je gaisuwar surukai a wata ƙasar da ƙafa. Idan ka shiga kwalekwale ka haye kogin, ka sauka Lolo a Ƙaramar Hukumar Bagudo, daga nan kuwa ƙasar Benin ba nisa, hanya ce ta miƙe zuwa Malanbil. Turawan Ingila da na Faransa ne suka fara shata wannan iyaka a yarjejeniyarsu ta 1898, ba tare da sun tambayi Dandawa da Kyangawa da Hausawa da Fulanin da ke zaune a wurin ba. Shinkafa muke nomawa, kifi muke kamawa, kasuwa muke ci, kuma kuɗi iri biyu ke yawo a aljihunmu, naira da sefa. A ɗaya daga cikin ƙauyukan da ke kewaye da garin nake zaune tun da na ajiye aikin gwamnati, kuma a makarantar gwamnati ta ƙauyen 'ya'yana ƙanana suke karatu, domin babu wata.

Abin da ya tayar da ni daga barci ƙaramin abu ne. Wata rana da yamma na dawo daga fadama, tabarau ɗina ya faɗa cikin laka, ga kuma saƙo ya shigo wayata daga wani mai sayen shinkafa. Sai na miƙa wa 'yata da ke aji huɗu, na ce ta karanta mini. Saƙon da Hausa yake, bai wuce layi biyu ba. Yarinyar ta riƙe wayar ta ƙura mata ido, ta motsa baki, ta dube ni, ta sake duban wayar. Can sai ta ce, "Baba, ba a koya mana wannan ba." Na ɗauka wasa take yi, domin a ƙarshen zangon da ya wuce ta kawo mini sakamako mai kyau har na saya mata sabon takalmi. Na ɗauko littafinta na rubutu, na buɗe wani shafi, ta rera mini shi tun daga sama har ƙasa ba tuntuɓe. Da na sa yatsa a kan kalma ɗaya a tsakiyar shafin na ce ta faɗa mini ita kaɗai, sai ta yi shiru. Ashe hadda ce. Shekara huɗu tana tashi da sassafe, tana ɗaukar jaka, tana kwafar abin da ke kan allo kamar mai zanen hula, amma ba ta san abin da haruffan ke faɗa ba.

A daren nan ban yi barci ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ni da na yi shekaru ina rubuta rahotanni a ofis, ban taɓa zama na minti goma na gwada 'yar cikina ba. Takardar sakamako na yarda da ita, kamar yadda manyana suka riƙa yarda da rahotannina.

Washegari na tafi makarantar ba tare da na sanar ba. Na tarar da malami ɗaya yana kai da kawo tsakanin azuzuwa uku, ya rubuta wa waɗannan aiki a allo, ya naɗa musu mai rubuta sunan masu surutu, ya wuce na gaba. Shugaban makarantar ya karɓe ni da mutunci, kuma bai ɓoye mini komai ba. Ya ce, "Alhaji, sunayen malamai suna nan a takarda, amma yawancinsu ba a nan suke kwana ba." Ya bayyana mini cewa wasu daga garuruwa masu nisa suke zuwa a kan babur, kuma abin da suke kashewa a mai ya kusa cinye albashinsu. Wannan ba ƙarya ba ce. A Nuwamban 2019 an hana kai man fetur gidajen man da ke tsakanin kilomita 20 da iyaka, abin da ya jefa garuruwa irin namu hannun 'yan bumburutu, sa'an nan aka cire tallafin mai a Mayun 2023. Malamin da ke zuwa kwana biyar ya koma zuwa kwana biyu, kuma babu wanda ya tambaye shi, domin babu mai tambaya.

Da na ce, "To Malam, ina kwamitin makaranta?" sai ya jawo aljihun tebur ya fito da wata takarda da ta sha ƙura. Na karanta sunayen. Akwai wanda Allah Ya yi wa rasuwa tuntuni, akwai wanda ya koma kudu da zama, akwai kuma wata dattijuwa maƙwabciyarmu da aka rubuta a matsayin wakiliyar mata. Da na same ta da maganar, sai ta riƙe haɓa ta ce, "Ɗan nan, ni yau na fara jin wannan zance." A nan na fahimci cewa kwamitin an kafa shi ne domin a cike takarda a aika sama, ranar da aka ce kowace makaranta ta kawo sunaye.

Ya kamata mai karatu ya san asalin wannan kwamiti, domin jama'a da dama na rikita shi da ƙungiyar iyaye da malamai. A Satumban 1999 Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato, kuma a 2004 aka yi masa doka. Dokar ta ce karatun shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne. Ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin shirin, bisa sharaɗin jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓi na tarayya. Har hukunci ta tanadar wa uban da ya ƙi sa ɗansa makaranta: gargaɗi a karo na farko, tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya a karo na biyu. Tsarin ya taso daga hukumar UBEC a Abuja, ya sauko SUBEB a jiha, ya sauko hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma. Daga nan sai ya tsaya, alhali makarantar tana can gaba, bayan fadama, inda mai duba makarantu ba ya isa da damina. Domin a cike wannan giɓi ne Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince, jim kaɗan bayan dokar, cewa kowace makaranta ta kafa kwamitin mutanen gari, wanda jami'an ilimi ke kira SBMC. A cikinsa ana son a ga wakilin mai gari, da malaman addini, da iyaye maza da mata, da tsofaffin ɗalibai, da masu sana'a, da shugaban makaranta, har da wakilan ɗaliban kansu.

Ba zan yaudari kowa ba game da ƙarfin wannan kwamiti. Ba ya ɗaukar malami, ba ya korar malami, ba ya biyan albashi, ba ya tsara manhaja. A Amurka, hukumomin makarantu na gundumomi da jama'a ke zaɓa su ne ke riƙe da kasafin kuɗi, su naɗa shugaban ilimin gunduma, shi ya sa ake kamfe sosai a kan kujerunsu. Namu ba haka yake ba. Abin da namu ya mallaka shi ne ido da baki da sa hannu: ya ga abin da ke faruwa kullum, ya faɗa wa hukuma a rubuce, ya tsara abin da makaranta ta fi buƙata, kuma idan tallafi ya zo kai tsaye, ta asusunsa yake bi. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. Shirin AGILE na ilimin 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 da dala miliyan 500, Kebbi na cikin jihohi bakwai na farko da suka shige shi, kuma ta hannun irin waɗannan kwamitoci aka tsara kuɗin gyaran makarantu zai bi. Ke nan duk garin da kwamitinsa na takarda ne, ko dai kuɗin ya wuce shi, ko kuma ya shigo ba wanda ya sani sai masu sa hannu.

Ba sai na je Amurka ba kafin in ga yadda ake raya irin wannan kwamiti, domin misalin yana nan bayan katangarmu. A Jamhuriyar Nijar akwai kwamitocin da aka sani da COGES. A 2004 hukumar raya ƙasashe ta Japan, wato JICA, ta fara wani shiri da su a Jihar Tawa, kuma abu na farko da shirin ya sa a gaba shi ne a zaɓi shugabannin kwamiti ta hanyar ƙuri'ar sirri, a maimakon mai gari ya nuna wanda yake so. Na biyu, a tara gari a tsara aikin shekara. Na uku, a dawo gaban gari a faɗi abin da aka tara da abin da aka kashe. Daga baya tsarin ya game ƙasar. Na taɓa halartar irin wannan taro a wani ƙauyen dangin mai ɗakina a ɓangaren Gaya, na ga ma'aji ya miƙe ya karanta kuɗin kara da na tabarma har sefa ta ƙarshe, wata mata ta ɗaga murya daga baya ta ce lissafin bai cika ba, aka sake ƙirgawa a gabanta. Ba ina cewa makarantunsu sun fi namu ba ne, su ma 'ya'yansu na fama da matsalar karatu, kuma yawancin azuzuwan da na gani rumfunan kara ne. Abin da ya burge ni shi ne mutanen sun ɗauki makarantar tasu ce. Mu kuwa har gobe "makarantar gwamnati" muke cewa, kamar muna maganar motar wani baƙo da ta lalace a bakin hanya.

Saboda haka buƙatata ta farko, tun kafin maganar kaina, ita ce a yi zaɓe. Na je gaban mai gari na ce, "Ranka ya daɗe, ba ƙin zaɓinka muke yi ba, so muke wanda ya hau kujerar ya san iyaye ne suka ɗora shi, kuma su za su tambaye shi." Allah Ya saka masa da alheri, ya saurare ni, ya kuma amince. Na roƙi kada a yi layi a bayan 'yan takara, domin a ƙauye babu mai iya tsayawa a bayan wani yana kallon idon kawunsa. A kafa zana, a ajiye ƙwarya ga kowane ɗan takara, kowane uba da kowace uwa su shiga su jefa tsakuwa ɗaya. Wanda ke ganin wannan ƙauyanci ne, ya tuna cewa da 'yan duwatsun gilashi mutanen Gambiya suka zaɓi shugaban ƙasarsu a 2021.

Idan aka zaɓe ni, abubuwa biyar zan sa a gaba, kuma na jera su ne bisa muhimmancinsu.

Na farko shi ne malami a cikin aji. Zan nemi 'yan kwamiti mu raba kwanakin mako a tsakaninmu, kowace safiya ɗayanmu ya leƙa makaranta ya rubuta wanda ya zo da wanda bai zo ba, a ƙarshen wata mu kai wa sakataren ilimi kwafi, mu riƙe kwafi. Amma sa ido kaɗai zalunci ne idan ba a duba uzurin mutum ba. Malamin da ke tafiyar kilomita da yawa ba zai gyaru da tsawa ba. Gari na iya ba shi ɗakin kwana, a ba shi 'yar fadama ya noma, kamar yadda iyayenmu suka riƙa yi wa malaman allo da limamai tun kafin zuwan boko. Haka kuma za mu tattara sunayen 'ya'yan yankin nan masu takardar NCE da ke zaune ba aiki, mu miƙa wa hukuma, domin ɗan gari ba ya buƙatar mai kafin ya iso aji. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Ba na mafarkin mu kai can a shekara ɗaya, amma ina so duk wata a rubuta tazarar da ke tsakaninmu da wannan adadi, a ajiye a teburin wanda ya kamata ya gani. A 2023 mutanen Kebbi suka zaɓi Nasir Idris, tsohon shugaban ƙungiyar malamai ta ƙasa, a matsayin gwamna. Wanda ya fito daga cikin aji ba ya buƙatar a fassara masa irin wannan takarda.

Na biyu shi ne karatu, ba sakamako ba. A ƙasar Indiya, wata ƙungiya mai suna Pratham ta fara tun 2005 tana bi gida-gida da takarda guda ɗaya: a sama haruffa, ƙasa da su kalmomi, sai gajeren sakin layi, sai ɗan labari. A miƙa wa yaro, a ga inda ya tsaya. Ba ta buƙatar kwamfuta ko ƙwararre, duk wanda ya iya karatu zai iya gwada yaro da ita. Ina so mu yi irin wannan sau ɗaya kowane zango a gaban iyaye, ba domin a kunyata yaro ko malami ba, sai domin mu san gaskiya. Waɗanda suka tsaya a haruffa a haɗa su wuri ɗaya na awa guda kullum, ko ajinsu nawa, har su wuce. Akwai samari da 'yan matan da suka gama sakandare suna zaune a gida, za su iya taimakawa. A nan ne kuma maganar harshe ke shigowa. Yaro ya taso da harshen Dandi ko Fulatanci a gida, ya ji Hausa a kasuwa, ya zo aji a rubuta masa Turanci. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a koyar da harshen uwa a duk shekarun firamare, a Nuwamban 2025 kuma aka sanar da soke wannan manufa. Ko me Abuja ta yanke, mu a nan mun san yaro ba ya koyon abin da ba a bayyana masa da harshen da yake ji ba, kuma za mu nemi a turo mana malaman ƙananan azuzuwa da ke jin harsunan yaranmu.

Na uku shi ne 'ya'ya mata. A ajin farko suna da yawa, kafin aji shida sai ka ƙirga su da yatsu. Idan ka tambayi iyaye mata, ba wa'azi suke buƙata ba, dalilai suke kawowa: babu makewayi, babu ruwa, babu malama mace, ga talla ranar kasuwa. Yarinyar da ta fara girma ba za ta zauna inda za ta shiga daji idan ta matsu ba. Don haka idan kuɗin gini ya shigo, makewayin 'yan mata da gyaran rijiyar burtsatse za su riga fenti da allon suna. Zan kuma tsaya a kan cewa kujerun mata a kwamiti mata ne za su zaɓi masu hawansu, a taronsu na kansu, a lokacin da ya dace da su. Wanda ke ganin wannan baƙon abu ne ya tuna da Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da jajis ɗinta da ke bi ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Akwai kuma tsoro, wanda ba zan raina shi ba. Bayan sace ɗaliban Kwalejin Tarayya ta Birnin Yauri a Yunin 2021, da na 'yan matan sakandaren Maga a Nuwamban 2025, duk uban da ya ce hankalinsa bai kwanta ba yana da hujja. Kwamiti ba shi da bindiga, amma zai iya haɗa kai da mai gari da 'yan banga a san wanda ke shiga da fita, a kuma tsara yadda yaran unguwannin nesa za su riƙa tafiya a ƙungiya.

Na huɗu shi ne kogi da kasuwa. An tsara kalandar makaranta a ofis, amma rayuwarmu kogi ne ke tsara ta. Idan ruwa ya cika, kamar yadda ya yi a 2012 da 2020, wasu unguwanni sai da kwalekwale. Lokacin girbin shinkafa yara na fadama suna korar tsuntsaye. 'Ya'yan Sarkawa na bin iyayensu inda kifi ya yi. Ranar kasuwa kuwa rabin aji na bakin kogi suna dako. Ba za mu iya sauya kalandar jiha ba, amma za mu iya neman izinin a riƙa rama darussan da suka wuce da yamma, mu kuma yi yarjejeniya da iyaye cewa ranar kasuwa yaro ya fara zuwa aji kafin ya tafi. Tun 1989 aka kafa Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa, kuma aikinta ya haɗa da 'ya'yan masunta masu ƙaura. Haƙƙinmu ne mu rubuta mata, mu faɗa mata yawan irin waɗannan yara da ke yankinmu, bayan mun bi gida-gida mun ƙirga su da kanmu. Ana ta ambaton alƙaluman yaran da ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, UNICEF ta daɗe tana cewa miliyan 10.5, UNESCO ta ce kusan miliyan 20 a 2022. Waɗannan lambobi ba sa tayar wa kowa hankali a ƙauye. Abin da ke tayar da hankali shi ne a karanta sunan yaro da sunan ubansa a gaban mai gari.

Na biyar shi ne lissafi. Duk naira ko sefar da ta shigo, daga gwamnati ko daga aljihun iyaye, za a rubuta ta a manna a bangon makaranta, a kuma karanta ta da baki a taron gari sau ɗaya kowane zango saboda waɗanda ba su iya karatu ba. Ba zan riƙe kuɗi ba, ba zan karɓi kwangila ba, ɗan'uwana ma ba zai karɓa ba. Na faɗi wannan a bainar jama'a ne domin a kama ni da shi.

Na san abin da ake faɗa a bayan idona. Wasu na cewa share fagen siyasa nake yi. Wasu na cewa zan haɗa kaina faɗa da malamai. Wani malami ma ya tare ni a hanya ya ce, "Alhaji, mu da ake bin mu bashin hatsi, mu za ka sa wa ido?" Na ce masa, "Malam, takardar da za ta kai rahoton rashin zuwanka ita ce za ta kai rahoton rashin ɗakin kwananka." Akwai kuma magana mai nauyi da wani abokina ya yi mini, cewa irin wannan kwamiti dabara ce ta gwamnati ta sauke nauyinta a kan talakawa. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba zan yarda a mayar da mu masu karɓar haraji daga iyayen da doka ta ce karatun 'ya'yansu kyauta ne ba. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan mu da ruwan ke zuba a kanmu ba mu nuna wurin ba, wanda ke Birnin Kebbi ba zai gan shi ba.

Wanda nake takara da shi dattijo ne da nake girmamawa, ya riga ni sanin garin nan, kuma idan shi iyaye suka zaɓa zan kai masa wannan takarda in ce ga gudummawata. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a sake mayar da sunaye cikin aljihun tebur.

Daga ƙarshe, ina da magana da ku, 'yan'uwana ma'aikata, likitoci, lauyoyi, injiniyoyi da malaman jami'a. Ni ina cikin yaran da aka kwasa aka zuba a aji a Satumban 1976, lokacin shirin UPE, ba takalmi a ƙafata. Da yawanku haka kuka faro. Makarantar gwamnati ce ta ɗauko mu daga fadama ta kai mu inda muke, da muka isa kuma sai muka kwashe 'ya'yanmu muka kai makarantun kuɗi, muka bar ta ga waɗanda ba su da bakin magana. Ni ma da ina birni haka na yi da manyan 'ya'yana, sai da zama ya dawo da ni gida na ga abin da muka bari. A kowane irin wannan kwamiti akwai kujerar tsohon ɗalibi, kuma a garuruwa da yawa babu kowa a kanta. Ba kuɗinku ake nema ba tukuna. Idan kun je gida hutun Sallah, ku tambayi shugaban makarantarku ta dā su wane ne 'yan kwamiti, yaushe suka zauna na ƙarshe. Ku kira yaro ɗan aji huɗu daga gidanku, ku rubuta masa layi biyu, ku miƙa masa.

Ita kuwa 'yata, kullum bayan sallar magariba muna zama da ita a kan tabarma da fitila. Makon jiya ta karanta mini rubutun da ke jikin buhun taki, a hankali, harafi bayan harafi, ta ɗago kai tana jiran in ce ta yi daidai. Tana da uban da ya iya karatu, ya kuma sami lokaci. Sauran 'yan ajinta fa? Saboda su nake neman tsakuwar iyayensu. Allah Ya sa mu dace, Ya kuma ba mu ikon sauke amanar da Ya ɗora mana.